Lado Mai Katakon Ƙusa

Lado mutumin Miga ne, manomin gero kamar mahaifinsa, kuma ƙirƙiro Jihar Jigawa ne ya kawo shi Dutse. A shekarun nan an tsananta doka a kan manyan motoci. Duk kamfanin da ke jigilar kaya, ban da lasisi da inshora da takardar lafiyar mota, sai ya yanki takardar jiha, a manna masa sitika a gilashin gaba. Aka ba 'yan kwangila aikin dubawa. Ɗaya daga cikinsu, Alhaji Falalu, ya kafa shinge a hanyar Shuwarin zuwa Kiyawa, ya ɗauki Lado aiki saboda ƙirar jikinsa.

Lado bai yi boko ba, don haka ba shi ke duba takarda ba. Aikinsa katako ne, wani dogon falanki da aka jera wa ƙusoshi, aka ɗaura masa igiya. In direba ya tsaya, katako na gefe. In ya nemi arcewa, Lado ya finciko igiyar, tayoyi su hau ƙusa.

Aikin bai taɓa zama na lalama ba. Wani direban tirela ya taɓa fasa masa gira da ƙarfen kwance taya, shi kuma ya taɓa karya wa wani muƙamuƙi da gora. Matarsa Maimuna, wadda ke wanke jinin rigunansa a ɗakin da suke haya a Yalwawa, ta sha roƙonsa su koma gida noma. Kullum sai ya ce bari dai damina ta zo. Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci shingaye suka ƙaru, ana laluben giya a ƙarƙashin buhuna, direbobi suka ƙara tunzura da yawan tsayawa. Masu arcewa suka yawaita, hannun Lado kuma ya ƙara sauri.

Wata ranar kasuwar Shuwarin da hantsi, wata roka, irin babbar motar kayan nan, ta taho maƙare da buhunan riɗi, da mutane zaune a saman kaya. Tun daga nesa take oda ba ƙaƙƙautawa, fitilunta a kunne. Mai duba takarda ya ɗaga hannu, motar ba ta rage gudu ba. Lado ya ɗauka direban ɗan tsere ne, ya ja igiya.

Tayar gaba ta fashe kamar bindiga. Motar ta karkace, ta daki kwalbati, ta kife a cikin rami. Buhuna suka tarwatse, riɗi ya malale a titi yana shan jini. Wani dattijo mai sayar da awaki da ke saman kaya ya faɗo, bodin motar ya danne shi, ko shurawa bai yi ba. Direban kuwa sitiyari ya maƙale masa ƙafafu, ana jin ihunsa har cikin gonaki.

Abokan aikin Lado suka bi ta cikin dawa. Shi kaɗai ya tsaya, igiyar na hannunsa. Direbobin da suka taru da 'yan kasuwa suka yi kansa. Aka fara da duwatsu, sannan jak da sanduna. Wani ya ɗauko katakon nasa ya maka masa a kafaɗa, ƙusoshin suka shige, da aka fizge sai da suka fito da tsoka. Aka cinna wa rumfar shingen wuta. Har an rataya masa taya a wuya ana neman fetur, limamin wani masallaci da ke kusa ya kutsa ya kwanta a kansa, ya ce sai dai a ƙone su tare. Haka ya riƙe shi har 'yan sanda suka iso.

Da Lado ya farfaɗo a asibiti, sai ya tarar mutumin da ke gadon kusa da nasa shi ne direban rokar, Muntaka, an yanke masa ƙafa ɗaya daga gwiwa. Wata safiya, bayan an wanke musu ciwo, Muntaka ya yi magana yana kallon rufi.

"Malam Lado, ba gudu nake ba. Takarduna cikakku ne, sitikar na jikin gilashi. Birki ne ya tsinke tun daga gangare, shi ya sa nake ta oda."

Lado ya tambaye shi yadda aka yi mota mai takardar lafiya ta rasa birki. Muntaka ya ce a ofis kawai maigidansa ya karɓo takardar, ba wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin motar. Lado ya juya fuskarsa bango, ya yi ta kuka, Muntaka bai ba shi haƙuri ba, bai kuma zage shi ba.

A kotu Alhaji Falalu ya rantse bai taɓa umartar kowa ya ja katako ba. Alƙali ya ce kisan kuskure ne, 'ya'yan dattijon kuma suka ce sun bar wa Allah, in ban da ƙaraminsu, wanda ya tare Lado a ƙofar kotu bayan an sallame shi, ya tofa masa yawu a fuska. Ba a jima ba aka sake kafa shingen a gaba kaɗan, aka ɗauki wani ƙato daga Jahun.

Lado ya koma Miga da hannun dama shanyayye da kunne ɗaya da ba ya ji. Maimuna ce ke riƙe da gonar tare da 'ya'yansu, shi kuma yana kiwon tumaki a bayan gari. Mutum ne mai gaisuwa da kowa, amma in aka soma hirar mota a majalisa sai ya ɗauki takalmansa ya tafi duba dabbobi.