Goggo Asibi, Zabiyar da Ta Buɗe Sito da Ƙwarya

Kafin rana ta ɗaga a Daudawa, Goggo Asibi ta riga ta kai akuyoyinta bayan gari ta ɗaure, ta dawo ta dama koko, ta shimfiɗa tabarma a gindin durumi tana gurzar auduga. Mata masu zuwa rijiya sukan durƙusa su gaishe ta, ita kuwa sai ta amsa da hannu, domin muryar ta dushe. Bana ta kife ƙorenta, ta ce kiɗa ya ishe ta. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko ɗan tsako ba. Wannan shirun ne ya hana alƙalamin nan zama.

Daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa, da wuya ka sami matar da ta manyanta wadda ba Goggo ce ta yi waƙar aurenta ko ta sunan ɗan farinta ba. Ta hau bayan motar auduga, ta ratsa rafi da ƙore a ka. Ta yi wa masu gayya waƙa har aka tashi daga gona. Gidan mai salla da gidan Bamaguje duk ɗaya ne a wurinta, in dai da mata a ciki.

Amma abin da mutanen Sheme ba su manta ba shi ne shekarar fari. Damina ta ɗauke tun gero bai yi kai ba. Aka aiko da dawar agaji, aka damƙa rabonta a hannun wani ɗan kwangila, Alhaji Mamuda. Ya zuba ta a sito ya garƙame, yana jiran kasuwa ta yi tsada. Mata suna dafa tafasa ba gishiri, yara suna mutuwa a bayan iyayensu. Ana cikin haka Alhaji ya sayo sabuwar Marsandi, ya shirya biki, ya gayyato manya daga birni, ya aika a kira Goggo ta wasa shi.

A hanya ita da 'yan amshinta suka ratsa gidan wata mata, Indo, wadda aka binne jaririnta da safiyar nan. Goggo ta shiga ɗakin ta yi mata ta'aziyya, ta fito. Hajaratu, babbar 'yar amshinta, ta dubi fuskarta ta tsorata.

"Goggo, don Allah mu ci shinkafarsu mu koma gida. Mutumin ga ba a ja da shi."

"Ke dai ki amsa abin da kika ji," in ji Goggo.

Aka kife ƙwarya a ruwa, aka fara kiɗa. Alhaji ya gyara zaman babbar riga yana jiran kirari. Sai Goggo ta ɗaga murya:

Dawar marayu ta yi ƙafa,
Ta shiga sito ta kwanta.
Gara ta ci, ɓera ya ci,
Mai goyo na shan tafasa.

Yaran Alhaji suka taso, ɗaya ya sa ƙafa ya shure ƙwaryar, ta dare biyu, ruwa ya malale har kan takalman baƙi. Goggo ko gezau. Ta miƙe tsaye tana tafa hannu, ta maimaita baitin. Hajaratu ta amsa. Daga nan matan da ke leƙe ta saman danga suka karɓa, sai na bakin murhu, har masu rabon abinci suka ajiye kwanuka. Wani babba cikin baƙin ya juya ya tambayi Alhaji, "Wane sito ake nufi?" Washegari aka cire kwaɗon siton, mata suka fito da ƙore da zannuwa ana auna musu dawar.

To, me aka saka mata da shi? Manyan gidaje suka rufe mata ƙofa. Aka ce tsohuwa ta taɓu, aka ce ba ta san girman mutane ba. Da kuɗin fetur ya yi ambaliya, maroƙan da suka iya lasar takalmi suka hau babura suka yi rufin kwano, ita kuwa ɗakinta na yoyo har gobe.

Abin bai tsaya nan ba. Da aka tashi bikin nuna al'adu, wasu masu kwat suka zo da rikoda, suka zaunar da ita ta rera musu waƙoƙinta, suka ba ta goro suka tafi. Ba a jima ba sai ga waƙar a rediyo, a bakin 'yan matan birni. Mai gabatarwa ya ce "waƙar gargajiya ce," kamar daga ƙasa ta tsiro irin ta naman kaza, ba uwa ba uba. An yanke baitin sito. Waɗanda suka je kallo sun ce Alhaji Mamuda na sahun gaba, yana tafi.

Hajaratu ta zo da kuka ta faɗa mata. Goggo ta yi murmushi ta ce, "Mi kike ma kuka? Sun tsame barkonon sun sha ruwan. Waɗanda suka ci dawar sun san mai miya."

Ita ta haƙura, mu bai kamata mu haƙura ba. Wace irin al'umma ce ke son waƙa ta ƙi mai waƙar? Mun haddace sunayen masu motoci, mun kasa riƙe sunan matar da ta sa aka ɗora tukunya.

Goggo, ke ce zabiyar da ba a saya da shinkafa. Ke ce kika tsaya a gaban mai ƙarfi da tafin hannu kaɗai. Magidantan da ke huɗa a gonakin Sheme yau, da yawansu da dawar nan aka yaye su. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya sa ki gama lafiya.

Ku kuma masu tasowa da ƙwarya a hannu, in kun rera waƙarta ku faɗi sunanta, kuma kada ku tsallake baitin sito. Mai son ya gode mata kuwa, kada ya jira ranar da za a ce Allah Ya jiƙanta. Tana nan Daudawa da ranta, kunnenta kuma garau yake.