Ranar da na zauna bisa tsani

Shekarun baya, tun Turawa ba su tahi ba, ni ce mai dama wa 'yan siyasar sauyi hura a ƙauyenmu, kusa da Dinawa. Ƙanena ya kawo su. Ya je birni ya dawo da baƙin tabarau da sabon zance: a sauke hakimi, a sauke mai gari, talaka ya riƙe kanshi. Ni kuwa Allah ya yi ni da son a caccaki babba, har guɗa nake musu ta bayan danga. Lokacin ko baƙi guda ban sani ba, sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Muna da doka tun ta kakanni, mai gari ke tsare ta: kowane gida ya liƙe rumbu guda da laka, rumbun tsimi, ba a buɗe shi sai sabon gero ya nuna. Mijina na cin rani. Ya bar ni da yara, kuma in damina ta ƙi, wannan rumbun ne abincinsu.

Sai anka sa babban taro, baƙi daga Goronyo har Rabah. Da hantsi na ga ƙanena ya jingina tsani ga rumbun.

Na ce, "Mi za ka yi?"

Ya ce, "Adda, hatsinku na, ba na mai gari ba. Yau za mu karya dokar zalunci, mu ciyar da baƙi."

"In ruwa ya ɗauke, tabaraunka za ni dahwa wa yara?"

Na janye tsanin, na kwantar da shi, na zauna bisa da taɓarya a cinya. Ya yi lallashi, ya yi wa'azin 'yanci, ya kira ni baiwar sarakuna. Na ce ya ƙara kusowa ya ji 'yanci a ƙwauri. Baƙinshi gyaɗa sunka ci.

Daga ranar na bar guɗa. Mai gari ba waliyyi ba ne, na sha gaya mishi haka a zaurenshi. Amma waɗanda sunka kafa dokar nan sun binne 'ya'ya a shekarar yunwa, masu son karya ta kuwa taron yini guda ke gabansu. Na tsaya bayan tsohon tsari, kuma ban matsa ba har yau, ko da yake mu mata ba a ba mu ƙuri'a ba a zamanin.

Damina kuwa ta yi kyau, abin haushi. Ƙanena ya yi ta yi mini dariya. Da kaka matarshi ta haihu, gidanshi ba tsaba, siyasa ta hana shi noma. Rumbun na buɗe anka yi tuwon suna.

Na aje mishi akushi na ce, "Ci, na baiwar sarakuna ne."

Ya cire tabarau, ya cinye, ya ce, "Adda, akwai ƙari?"

Allah ya jiƙan shi. Har ya rasu bai canza jam'iyya ba, amma kowace kaka ni yake aiko wa in zo in liƙe mishi rumbu.