Takunkumin da Na Sa Taubashina Ya Cire

A ƙarshen shekarun saba'in ni saurayi ne ɗan Kurfi, mai baki, wanda ba ya iya ganin abin dariya ya ƙyale. Na samu aikin lebura a wata tashar wutar lantarki can kudu, inda ake ƙona kwal, baƙin dutsen nan da ake haƙowa a ƙasa. Aikinmu kwasar shi da shebur muna zubawa a tanderu. Da na zo gida hutu da agogo da rediyo, sai ɗan gwaggona, taubashina, da ke noma a Kuki, ya ce lallai sai ya bi ni. Na tabbatar wa gwaggo cewa kwal gawayi ne kawai, sai dai ya fi na murhunta nauyi. Haka na ɗauka a lokacin.

A wurin aiki ana raba mana wani ƙyalle mai igiya na rufe hanci da baki. Yawancinmu a aljihu muke barin sa saboda zafi, mun kuma yarda gwangwanin madarar da muke sha bayan tashi yana wanke ƙirji. Shi kuwa taubashina mai bin doka ne, kullum nasa a ɗaure. Ni kuma na samu abin yi. Na ce a garinmu jaki ake sa wa takunkumi don kada ya ci dawar mutane, na raɗa masa suna Jakin Kuki. Har waɗanda ba sa jin Hausa suka iya sunan. Tsakanin taubasai ba a fushi da wasa, don haka bai taɓa nuna haushi ba. Ya yi wata biyu yana taya mu dariya, ranar nan sai na ga ƙyallen rataye a ƙusa. Na ma ji daɗi, wai na ci wasan.

Bayan shekara aka mayar da ni gadin ƙofa saboda ina ɗan iya rubutu. Shi ya yi shekara bakwai a bakin tanderu. Da aiki ya ja baya aka sallame mu muka dawo gida, shi da tari mai fitar da baƙin kaki. Damina ta farko ya kasa kai kunya ɗaya ƙarshe sai ya tsuguna. An yi jiƙe-jiƙe, an yi kunun kanwa. Na kai shi asibiti a Dutsin-Ma, inda wata ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar kudu, ta saurari numfashinsa ta tambaya ko ya yi aikin kwal. Ta ce mahaifinta mahaƙin kwal ne, ta san wannan tarin tun tana yarinya, kuma madara ba ta zuwa inda ƙurar take. Ta tambaya ko ba a ba su abin rufe hanci ba. Ya dube ni, ya ce mata an ba su, shi ne ya yar.

Ya ƙara shekara biyu a duniya. Zuwana na ƙarshe na same shi jingine a zaure da hantsi, yana magana da ƙyar. Ya ce in na gamu da jakin nan mai takunkumi a hanyar Kurfi in gaishe shi, don ya fi mu hankali mu biyun. Na yi dariya saboda ita yake jira. Bayan kwana huɗu ya rasu, a gidan da wutar lantarki ba ta taɓa shiga ba. Gwaggo har ta koma ga Allah ba ta san zancen takunkumin ba.

Yanzu ina jin ana ta magana a rediyo cewa a rage ƙona kwal wajen samar da wuta, wai hayaƙinsa na ɗumama duniya. Ilimina bai kai nan ba. Abin da na sani shi ne abin da ya yi wa ƙirjin mutum ɗaya da taimakon bakina, kuma ina nadama har gobe. Duk wanda ya ga ɗan'uwansa yana kare kansa a wurin aiki ya ƙyale shi, ko da abokin wasa ne. Ni dai tun ranar jana'izar ban sake tsokanar wani taubashi ba, su kuma suna cewa girman kai ne ya shige ni.