Saƙon da Bai Isa Wayar Yaya Ishaya Ba

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Ishaya a bayan gidan mahaifinmu, kuma har yau ban taɓa gaya wa jama'a rabona a mutuwarsa ba. Kowa a Kafanchan ya san 'yan bindiga ne suka tare shi a hanyar dawowa daga Kwoi, da rana tsaka, a kan babur ɗinsa. Wannan gaskiya ne, amma akwai sauran magana, kuma na gaji da riƙe ta.

Yaya ma'aikacin gona ne a ƙaramar hukuma, yana kuma taɓa harkar citta. Taurin kansa gadon Baba ne, wanda ya ƙare aikinsa a reluwe yana jiran ranar da jirgi zai dawo yadda yake a da. In Yaya ya yarda da abu, to an gama. Haka ya yarda da kamfanin wayar nan na Turai da kowa ya fara riƙewa, mai 'yar tocila a ka. Tasa ta taɓa faɗawa cikin tukunyar kunu, ya tsamo ta, ya shanya a rana, ta ci gaba da aiki. Mun sha wannan labari har muka haddace.

Da labari ya zo cewa wani babban kamfanin Amurka mai yin manhajar kwamfuta ya saye sashen wayoyin kamfanin nasa, Yaya ya yi murna kamar shi aka ba kujera. Ya ce mai ƙwaƙwalwa ya auri mai ƙarfi, sauran kamfanoni su tattara kayansu. Ya je har Kaduna ya sayo sabuwar wayarsu ta shafawa, ruwan ɗorawa, ya riƙa ajiye ta a kan tebur inda kowa zai gani. Ni malamar makaranta ce, ban san kasuwar waya ba, amma ina da ido. Shagunan bakin kasuwa cike suke da wayoyin Caina masu layi biyu da araha, duk suna aiki da wata manhajar daban. Na gaya masa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ya ce in bari in girma tukuna, alhali a lokacin ina da 'ya'ya uku.

Auren bai yi albarka ba. Masu ƙirƙirar manhajoji suka bi inda jama'a suke. Abin da za a samu a wayar ɗan acaɓa, babu shi a ta Yaya. Daga baya muka ji kamfanin na Amurka ya sallami ma'aikata ya wanke hannunsa daga harkar. Muka yi ta tsokanarsa, yana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Sai sanarwa ta fito a kan wayar cewa manhajar hira za ta daina aiki a irinta. Ya ce zai canza in ya sayar da cittar bana. Ta daina aiki kafin ya sayar. Kira yana shiga lafiya lau, amma saƙon guruf ɗin dangi ya daina isa gare shi, kuma dukanmu mun sani, don mun yi masa dariya a kai ranar Kirsimeti.

Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane mene ne guruf a wajenmu ba. A shekarun nan, a nan ake jin wace hanya ce ba ta biyuwa, wane ƙauye ne aka ga baƙin fuska. Kafin mutum ya hau babur sai ya duba.

Ranar da abin ya faru, ina cikin aji, Malam Buba ya kira ni. Makiyayi ne, abokin Yaya tun suna samari, shanunsa ke cin karan gonarmu bayan girbi. Ya nemi Yaya bai samu ba, don a ƙauyen da ya je auna citta sabis sai an hau tudu. Ya ce, “Malama, ka gaya ma Ishaya kada ya bi hanyan daji yau. Yaranmu sun gan mutane da bindiga wajen rafi. Ka yi ta kiran shi har ya ɗauka.”

Na ce to. Na kira sau ɗaya, ba ta shiga ba. Shugaban makaranta yana zagaya azuzuwa, ni kuma ina tsakiyar darasi. Sai na rubuta saƙon a guruf kamar yadda hannuna ya saba, na mayar da waya jaka, na ci gaba da koyar da rabawa. Na manta sam cewa ba zai gani ba. Daga baya aka ce ya fito kan tudu, ya tsaya ya sha ruwa, har ya amsa kiran wani mai sayen citta. Da na sake kira a lokacin, da ya ɗauka. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma ni ce gugan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sunan kamfanin da ya so ya dawo kasuwa a jikin wayoyin da wasu suke ƙerawa, na san zai kira su jabu. Kamfanin da ya saya ya watsar yana nan, an ce ma ya fi da arziki. Ba na ɗora musu jininsa, ba su san akwai wani wuri Kwoi ba. Amma yana ba ni haushi cewa mutane su zauna a wata ƙasa su ce wannan kaya bai karɓu ba, a rufe, alhali a nan wani ya jingina ransa da shi. Guruf ɗin kuwa yana nan, cike da hotunan furanni da ayoyin safiya, hanyar ma ba ta gama gyaruwa ba.

Abin da ya rage na Yaya ba shi da yawa: gonar citta da ciwo ya cinye shekarun baya, 'ya'ya huɗu masu taurin kai irin nasa, da Malam Buba da har yanzu yake kawo wa gidan nono ba ya karɓar komai. Ya kuma bar mini halin da yarana suke ƙorafi a kai: in magana ta rai ce, ba na rubutawa, kira nake yi har sai na ji murya.

Kafin in aika wannan rubutu, na ga bai kamata matarsa Saratu ta karanta a jarida ba. Ranar Lahadi bayan sujada na bi ta gida, na same ta tana tsince wake, na faɗa mata komai. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ta ci gaba da tsince waken, sannan ta ce, “Anti, ni ma na ga saƙon naki a lokacin da kika tura. Na ce ai tunda ke kika rubuta, kin riga kin kira shi.”

Muka zauna da tiren wake a tsakaninmu. A guruf ɗin nan akwai ƙannensa, da kawunansa, da faston da ya yi masa jana'iza, kuma ranar kusan kowa ya buɗe saƙon.