Kunnen Dama na 'Yar Ƙanwata

Ƙanwata ta zo goyon ciki gidanmu na unguwar Sheshe, ta haifi mace. Yarinya sumul, sai dai kunnenta na dama bai gama fitowa ba: ɗan dunƙulen nama kamar ƙwayar wake, ko ƙofa babu. Na hagu kuwa cikakke. Likita ya ce tun tana ciki ginin kunnen ya tsaya, a dawo bayan suna a gwada jinta.

Siffar kunnen ba ta dami ƙanwata ba. Tambayarta ɗaya ce, safe da yamma: "Yaya, tana ji kuwa?"

Ni malamar makaranta ce, har zanen kunne nake yi wa ɗalibai a allo, amma amsa ba ni da ita. Sai gida ya koma ɗakin gwaji. Hajiya, mahaifiyarmu, ta buga murfin tukunya. Baba ya yi gyaran muryar nan tasa mai watsa yaran layi. Ni na kawo tsari, na ce a tsaya ta bayan jaririya a tafa. Muka tafa. Jaririya ta ci gaba da barcinta kamar ɗalibar bencin baya.

Ranar suna mata suka cika tsakar gida, kowa na magana ƙasa-ƙasa don tausayin mai jego. Ko guɗa ba wadda ta yi. Sai ga gwaggonmu daga Jakara, wadda ba a sanar da ita wannan dokar ba. Ta karɓi jaririya, ta juya mata kai, ta duba kunnen.

"Au, a kan wannan kuka mayar da suna zaman makoki? Ni da nake da biyu, me na ji da su ban da gulmar unguwa?"

Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji har Ƙofar Mazugal.

Jaririya ta zabura, ta watsa hannuwa, ta tsala ihu.

"Ta ji! Wallahi ta ji!" in ji Hajiya. Gida ya kaure. Ni da duk kamun kaina na ruga zaure babu mayafi, ina yi wa maza albishir cewa yarinya na kuka. Baba ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya gane, ya hau hamdala.

Da na koma, ƙanwata ta rungume 'yarta, hawaye na zuba tana dariya.

"Gwaggo," ta ce, "don Allah ƙara."