Tabarmar Inna a Kan Dandamali

Shekarar da na fara koyarwa a wata sakandare a Tsafe, kaina ya kumbura. Na yi karatu a Gusau, na karanta wasannin kwaikwayo uku da rabi, saboda haka da aka ce a shirya wasa don ranar rabon kyaututtuka, ni na miƙe tun ba a rufe baki ba.

Abin da na fi taƙama da shi shi ne bayanin da marubuci ke sakawa cikin baka biyu kafin 'yan wasa su yi magana. Na sha gaya wa ɗalibaina cewa gwani ba ya faɗin wane ne mai kuɗi, wane ne talaka, kayan ɗaki ke faɗa. Fitowa ta ɗaya na rubuta: falon Alhaji, kujerar kushin, kafet, Hajiya na zaune gefe da mayafi. Fitowa ta biyu: ɗakin matar talaka, yagaggiyar tabarma, shara ko'ina, miji bisa gado, matar durƙushe bakin ƙofa, ba ta cewa uffan.

Kushin na aro daga ofishin shugaban makaranta. Kayan talaka kuwa ban sha wahalar tunani ba, na hau mota sai gidanmu a Bungudu.

Da Inna ta ji taro za a yi, ta sauko da samirunta na jere, ta goge, ta fito da sabuwar tabarmar da ba a shimfiɗa wa kowa sai baƙo. Na yi godiya. Tana shiga madafa na lallaɓa bayan ɗaki na naɗe tsohuwar da ake shanya kuka a kai, na haɗa da wata fasasshiyar ƙwarya. Samirun na tura ƙarƙashin gadona a Tsafe. Ban taɓa kawowa za ta zo ba.

Ta zo, ita da maƙwabtanta biyu da ta yi wa alkawarin ganin kayanta a gaban manya.

Aka ja labulen fitowa ta biyu. Ni da hannuna na watsa ɓawon gyaɗa da totuwar masara a dandamalin. Mutane suka kwashe da dariya, ni ina gefe ina jin kaina wani babban marubuci. Sai na hango Inna a layi na uku, ita kaɗai ba ta dariya. Maƙwabtan sun gane tabarmar, don duk sun taɓa arar ta.

Da aka tashi, shugaban makaranta na riƙe da hannuna yana yabo, sai ga ta ta hau dandamalin. Ta nemi tsintsiya, wata ɗaliba ta miƙa mata. Ta share ɗakin nan nawa na ƙarya tas, lungu-lungu, iyaye na kallo, ta kakkaɓe tabarmar ta naɗe.

Ta sauko ta tsaya gabana, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam," ta ce, ita da ba ta taɓa kirana haka ba, "cikin irin ɗakin ga anka haife ka. Yaushe ka taɓa tashi ka iske shi da shara? Yaushe kuma ka ga ubanka ya shigo ɗakina na durƙusa bakin ƙofa kamar baƙuwa?"

Ta saɓa tabarmarta ta bi maƙwabtanta tasha. Na bi su a baya ina cewa ta kawo in riƙe mata, ta ƙi.