Tayar da Baffa Ɗayyabu Ya Hana

"Taya! A kawo taya!"

"Ga su can jibge gaban shagon Baffa."

"Kai mai babur, zuƙo mana fetur mana, me kake jira?"

Baffa Ɗayyabu yana cin ɗanwake a ƙofar shagonsa, bakin tashar Jahun, ya ji wannan. Shi tun yana yaro a bayan shanu ya tashi. Da ciwo ya cinye garken gidansu, sai ya sayar da 'yan ragowar ya kama sayar da tayoyin mota: sababbi a ciki da ledarsu, na hannu a jere a waje, matattu kuma a gefe don masu yankan takalmi. Shi ko tuƙi bai iya ba. Amma da wuya ka sami direban hanyar Dutse da bai taɓa zama a bencinsa ba, yana rantsuwa cewa wadda ya saya bara ko damina ba ta ƙetare ba.

Cikin matattun nan wani ya zari ɗaya. Baffa ya bi shi a guje, ƙafa ba takalmi.

A tsakiyar tasha an kwantar da wani baƙo, wai babur ya zo sata. An fasa masa baki da bulo, idonsa ya kumbura ya rufe, ana ta sauke masa gora. Aka zura masa tayar a wuya. Baffa ya kutsa, ya sa hannu ciki ya ja.

"Tawa ce! Ban sayar ba, ban ba da aro ba!"

"Haba Baffa, wannan ai ko amalanke ba za ta ɗauka ba!"

Aka kwashe da dariya. Wani ya maka wa Baffa gora a kafaɗa, ƙashi ya yi ƙara. Bai saki ba. Ya faɗa kan baƙon, ya rungume shi har da tayar. Wanda ya zo da galan ɗin fetur bai fasa ba, ya tuttule fetur a kansu su biyun, ya jiƙe wa Baffa gemu, ya shiga idonsa.

Da ƙyar ya buɗe ido. Mai riƙe da ashana Kamilu ne, direban bas, ɗan maƙwabciyarsa Rabi'atu. Ya riga ya zaro tsinke, na baya suna masa ihu ya ƙyasta.

Baffa ya tofar da jini, ya miƙa hannun da bai karye ba.

"Kamilu, ni ne fa. Don Allah matso, ka sa min ashanar nan a hannuna."